'Yar Italiya ta Baba Kashim

"Ba alli ba ne, Zunnu. Riƙe ta da hannu biyu."

Na riƙe ta da hannu biyu, amma bakinta bai daina yawo ba. Ya nuna rufin kwano, ya sauko ya nuna buta, ya zarce ya nuna Iya Bintu da ke tsaye a bakin ƙofa da kwanon koko.

"Malam, don girman Allah juya ta wajen bango," in ji ta. "Ni ban gama da duniya ba tukuna."

"Ba hula a kanta, ba za ta tashi ba," mijinta Baba Kashim ya ce daga kan gado. Ya tsaya ya nemo numfashi. "Amma juya ta ɗin. Ba a nuna wa mutum bindiga ko da wasa. Manna gindinta a kafaɗa. A kafaɗa na ce, ba a tumbi ba."

"Baba, tumbin ne ya fi kusa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Iya Bintu ta ajiye kokon ta zo ta tallafe shi. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki rungume da ƙarfen da tsawonsa ya kai mini ƙirji, ina tambayar kaina yadda aka yi na iso nan.

Amsar ba wuya. Watan Agusta ne, ana hutun makaranta, gero ya fara fid da kai, duk wani namiji mai amfani a unguwarmu yana gona tun asuba. Wanda ya rage a gida ni ne, Zunnuraini, malamin aji huɗu, ɗan shekara hamsin da biyu, mutumin da ko kaza za a yanka a gidansa sai an kai wa ladan. Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Kashim a nan Gaya, shekara goma sha tara ke nan.

Shi kuma Baba Kashim yana da aikin da ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa biyansa. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, ko 'yar unguwar da ke aure a wani gari, da zarar labari ya iso zai fita bayan gida ya harba bindigarsa sau ɗaya. Ba dalma a ciki, albarushi ne da tsumma. Mace aka haifa ko namiji, duk harbi ɗaya. Shekara arba'in da uku yana yi, bai taɓa tsallake ko jariri ɗaya ba. 'Ya'yana biyar duk da ƙarar nan suka shigo duniya, kuma duk biyar ɗin sai da na zabura.

Yanzu ga shi kwance, ya haura saba'in da biyar, ƙafafu sun kumbura, an jingina shi da matasai uku don in ya kwanta sosai numfashi ba ya zuwa. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, a koma da shi gida a ci gaba da ba shi magani. Kowa ya gane abin da ake nufi, shi ma ya gane. Sannan a safiyar nan, ana idar da sallar asuba, aka bugo waya daga Toranke cewa jikarsa Kamila ta fara naƙuda, mijinta Musbahu ya ɗauke ta a mota sun nufi asibitin Ajingi. Haihuwar fari. Tattaɓa kunnensa na farko.

"Na yi wa 'ya'yan mai nama, na yi wa na mai faci, na yi wa naka masu kunnuwan nan," ya ce da ni bayan tarin ya lafa. "A ce nawa ya zo shiru? Ban yarda ba. Ko ba hannuna ba, sai kunnena ya ji."

Da na tare a unguwar, abu na farko da aka gaya mini game da maƙwabcina shi ne bindigarsa ta gado ce, wai kakansa ne ya taho da ita daga Barno bayan wani yaƙi, kuma ta ci mutum ɗari ba ɗaya. A jikin ƙarfen gefenta akwai hoton kambi da lamba 1862, wannan ya ishi kowa hujja. Ni kuma lokacin ina ji da takardar karatuna. Wata rana na karɓe ta na jujjuya, sai na ga ƙananan rubutu a jikin bututun: an ƙera ta a Italiya, kuma kada a zuba mata komai sai baƙin albarushi. Kwana biyu na yi ina tausayin tsohon, ina tsara yadda zan gaya masa a hankali kada zuciyarsa ta karaya. Ranar da na faɗa masa yana ɓarar gyaɗa a zaure, ko ɗagowa bai yi ba.

"Malam, sunanta fa 'Yar Italiya. Ka ɗauka 'yar Dikwa nake nufi?"

A ranar ya ba ni labarin. Yana matashi ya yi wa wani kamfanin hanya direba, aka haɗa shi da wani makanike ɗan Italiya da leburori suka sa wa suna Mai Lofe. Mutumin ya ce a garinsu, wani kwari tsakanin duwatsu, kusan kowane gida ƙera bindiga ake yi. Wannan kuwa kwaikwayo ce ta bindigar sojan Ingila ta zamanin da, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Komai an kwaikwaya, har kambin, har lambar shekarar, har tsagi uku da ke murɗe a cikin bututun don dalma ta fita tana juyawa. Masu sayenta yawanci mutanen Amurka ne.

"Wai sai mutum ya ƙoshi ya rasa abin yi," in ji Baba Kashim, "ya ɗinka kayan sojan da ya mutu tun kafin a haifi kakansa, ya tafi fili da abokansa, a yi ta hayaƙi, ya faɗi da gangan. In an gama ya tashi ya kaɗe riga ya tafi cin abinci. Na ce wa Mai Lofe wallahi wannan yaƙin ya fi kowanne hankali."

Ran Lahadi sukan fita bayan sansani, Kashim ya narka dalma ya zuba a mazubi ta fito kamar kan babban yatsa, gindinta da rami, Mai Lofe ya jera gwangwanayen man inji a taki ɗari ya yi ta kaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka haifa wa Kashim ɗansa Salihu, Baturen ya rasa da wane harshe zai yi barka, sai ya ɗura bindigar ba dalma ya harba sama. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita, ya kai shi aka yi masa takardar izini da sunansa. Salihun nan shi ne mahaifin Kamila. Ya rasu tana goye, a hannun tsofaffin nan biyu ta girma.

"To me ya sa ba ka gaya wa mutane gaskiya?" na tambaye shi a lokacin.

"Na faɗa, sun ƙi. Nasu labarin ya fi daɗi."

To ita ce a hannuna a safiyar nan. Sati uku da suka wuce, ranar ƙarshe da ya iya tsayawa da ƙafarsa, ya ɗura ta da kansa, ya toshe ɗan hancin da wuta ke shiga da kakin zuma saboda laimar damina, ya jingine ta a kan gadonsa. Aikina kawai in ɓamɓare kakin, in ɗora 'yar hular jan ƙarfe mai kamar ƙwayar wake, in ɗana, in ja kunama. Ya sa Iya Bintu ta miƙo mini gwangwanin hulunan. Na girgiza, na buɗe. Uku ne a ciki. Maharbin da ke samo masa su a kasuwar Ajingi ya rasu bara, ba a sami wani ba.

"Ɗaya kake buƙata," ya ce. "Biyun na tsoronka ne. Yanzu kira ladan."

A da ba a yin haka. Amma zamanin nan in aka ji ƙarar bindiga ba wanda ke tsayawa tambaya, sai dai ka ga takalma a hanya. Don haka 'yan shekarun nan Baba Kashim yakan sanar da mai unguwa, sannan ladan ya faɗa a lasifika. Na buga wa mai unguwa yana gona ya ce Allah Ya sauke ta lafiya. Na buga wa ladanmu Mudassir. Ba a jima ba muka ji lasifikar masallaci ta yi ƙara, ya hura ta sau biyu.

"Assalamu alaikum jama'a. Sanarwa. In kun ji ƙarar bindiga yau, ta Baba Kashim ce, kada wanda ya gudu." Ya sake hura lasifikar. "Malam Zunnuraini ne zai harba. Na kusa dai su ɗan matsa."

Ta saman katanga na jiyo dariyar matata Rukayya. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ban taɓa sanin tana da irin wannan dariyar ba.

Daga nan sai jira. Rukayya ta shigo, mu uku muka ja gadon har gindin tagar da ke kallon bayan gida, muka ɗaga labule muka ɗaure. Iya Bintu ta ɗora wayarta a kan kujera 'yar tsugunno a tsakiyar ɗaki, duk muka zuba mata ido kamar tukunyar da aka ɗora. Hantsi ya yi, ya wuce. Sau biyu wayar ta yi ƙara: na farko kamfanin waya ne ke tallar waƙa, na biyu wata ƙanwar Iya Bintu ce ke tambayar ko an sauka.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya numfashin Baba Kashim ya sauya. Ya riƙa ja da ƙyar, leɓɓansa suka yi duhu, idanunsa suka tafi wani wuri da ba ma ciki. Iya Bintu ta riƙe hannunsa tana salati ƙasa-ƙasa. Rukayya ta kalle ni, na kalli ƙasa. Na jingine bindigar a bango na matso ina lalubo addu'ar da ta dace. Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Wa ya ce ka ajiye ta?"

"Baba, na ga kamar..."

"Na ji kamar ɗin ni ma. Na ce a dakata mini. Ɗauki."

Na ɗauka.

Sha biyu saura kwata wayar ta sake ƙara. Rukayya ta riga Iya Bintu ɗauka, ta amsa ta sa a lasifika. Muryar Musbahu ce, tana tsinkewa tana dawowa.

"Iya! Iya, ta sauka! Mace ce! Lafiya lau, tana ta tsala ihu!"

Rukayya ta rangaɗa guɗa a kunnena na dama, har yau bai gama warkewa ba. Iya Bintu ta durƙusa ta kai goshi ƙasa. Baba Kashim ya ɗaga yatsa ya nuna mini ƙofa.

Bayan gidan fili ne na ciyawa, a ƙarshensa akwai tsohuwar kuka, bayanta kuma kududdufi, ba gida ba hanya. Can ya saba fuskanta. Ina fitowa na tarar sanarwar ladan ta yi aikinta a baibai: maimakon a matsa, duk tsofaffin unguwa da matan da ke gida sun zo sun jeru a jikin katanga. Mudassir ma yana nan, ya harɗe hannu.

"Taki goma gaba," in ji muryar tsohon ta taga. "Ƙafar hagu gaba. Ɓamɓare kakin. Sa hula. Ja har ka ji ƙas sau biyu. Ɗaga bakin sama da kan kukar. Kada ka rufe ido."

Na rufe ido.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar an rufe ƙofar duniya da ƙarfi. Wani abu ya naushe ni a kafaɗa, na ja da baya taki biyu, na uku ƙafata ta sami santsin ciyawa, na zauna daram. Da na buɗe ido ba na ganin komai sai farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana tafiya a hankali kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Tsuntsaye sun tashi daga kukar, awaki suna ta kuka, mata suna guɗa. Na waiga. Ta tagar na hango fuskarsa, ido a lumshe, baki a buɗe, yana shaƙar hayaƙin nan kamar turaren wuta.

"Ta yi magana," ya ce. "Sati uku a damina, ta yi magana. Ka ga aikin kirki."

Ban sani ba ko ni yake yabo ko Italiyawa, amma na karɓa. Na tashi na kaɗe wando, tsofaffi suka zo suna ba ni hannu, ana ta barka, barka. Wani ya ce ashe Malam namiji ne. Na ce ai dama ɓoyewa nake yi. Ina cikin ba su labarin yadda na ga dama na zauna don in rage wa bindigar ƙarfi, sai na ji wayar ta sake ƙara a ɗaki. Sai guɗa. Sai Rukayya ta leƙo ta taga, ɗankwali a hannu.

"Malam! Wani ya biyo baya! Namiji! Tagwaye ne!"

Aka ɗauki kabbara. Na ji Baba Kashim yana tambayar matarsa, "Kin sani?"

"Tun wata na biyar da aka yi mata hoto."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"A'a, ni ba na ƙirga abin da ke ciki sai ya fito. Kuma da na faɗa maka, da duk Gaya ta ji."

"Da na ɗura... kai, ai baki ɗaya gare ta." Ya juyo wajen taga. Sannan ya ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage masa. "Zunnu! Kowane yaro da harbinsa."

Duk jarumtar da na tara a minti ashirin ta zube a wurin. Harbawa daban, ɗuri daban. Shekara arba'in da uku ba hannun da ya taɓa ɗura bindigar nan sai nasa. Mudassir ya tattare riga ya ruga masallaci, muka ji lasifika: "Jama'a, akwai ƙari."

Iya Bintu ta miƙo mini jakar fata ta taga. A ciki akwai ƙahon albarushi, da ɗan mudun tagulla kamar yatsa, da tsummoki. Na tsaya a gindin tagar, gindin bindigar a ƙasa, yana faɗa ina yi.

"Kawar da fuskarka daga bakinta. Zaro sandar da ke ƙarƙashin bututu. Naɗa tsumma mai ɗan laima ka goge ciki, kada a ce akwai sauran wuta. Sake da busasshe. Yauwa. Albarushi a mudu, ba daga ƙaho kai tsaye ba, so kake ka bar Rukayya da takaba? Shafe bakin mudun. Zuba. Tsumma. Tura da sanda har ƙasa. Daka. Ba sakwara ba ce, sau uku ya isa."

Ina kan dakan ne maganarsa ta yanke. Na ɗago. Kansa ya koma kan matashi, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri, leɓɓan sun sake yin duhu fiye da ɗazu. Iya Bintu ta juyo ta kalle ni ta tagar. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Malam," ta ce a hankali, "yi sauri."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Taki goma na yi su a huɗu. Na buɗe gwangwani, hulunan biyu suna ta zillewa a yatsuna. Na sa ɗaya, na ɗana, na ɗaga, na ja.

Ƙas.

Shi ke nan. Ba wuta, ba hayaƙi. Hular ta mutu, laima ta cinye ta. Filin ya yi tsit, har ina jin kwaɗin kududdufi. Ya taɓa gaya mini in haka ta faru kada in sauke bakin, in ƙirga ashirin tukuna, don wani lokaci wutar takan yi nawa. Ban taɓa ƙirga ashirin mai tsawon wannan ba. Na cire matacciyar da farce, na ɗora ta ƙarshe. Na ce, ya Allah, ba don ni ba. Wannan karon ban rufe ido ba, amma hannuna ya gaji, bakin ya sauko ƙasa da yadda aka ce.

Naushin ya ninka na farko. Na ji ni a kwance ina kallon gajimare. Kuma bayan ƙarar akwai wata ƙara da ba a saba ji ba, wani irin fito, fiuuu, sannan can nesa, tsak.

Hayaƙi ya yaye. Ba wanda ya yi guɗa. Kowa kukar yake kallo. Can sama, inda manyan rassa suka rabu, wani siririn ƙarfe ya nutse a jikinta kusan rabi, sauran yana waje yana ta karkarwa.

Na duba ƙarƙashin bututun. Ba sanda. A ciki na bar ta.

Na tashi da rarrafe na nufi tagar, bindiga a hannu, kafaɗa kamar ba tawa ba. Abu biyu nake tsoro: in tarar bai ji ba, ko in tarar ya ji. Idonsa a buɗe yake.

"Me ya yi fito?" ya tambaya, muryar kamar zare.

"Baba... sandar ce."

"Wace sandar?"

"Ta ɗuri. Na manta ban zare ba."

"Tana ina?"

Iya Bintu ta ɗan ɗaga masa kai, ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka ciwon ne, ashe dariya ce, ba sauti, hawaye na bin kumatunsa zuwa cikin gemu. Iya Bintu tana cewa, "Kai dai bi a hankali, bi a hankali," ita ma tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Mai Lofe ya gaya mini," ya ce da ya samu sarari. "Ya ce sababbin sojan da, in tsoro ya kama su, haka suke yi. Su harbe sandarsu, su tsaya da bindiga kamar taɓarya. Na ce ƙarya ne, ba wawan da zai yi haka." Ya ja numfashi. "Shekara arba'in da uku ina son in gani da idona. Allah Ya yi maka albarka, Zunnu."

Sai a lokacin matan suka saki guɗa, tsofaffi suka riƙe ciki. Mudassir ya dawo da gudu yana ta tambayar me ya faru.

Na ce zan nemo tsani, ko a kira masu hawa su ciro ta. Ya girgiza kai.

"Bar ta. Hula ta ƙare, sanda ta tafi, ni ma ina hanya. Kowa ya gama aikinsa rana ɗaya. Ta yarinyar ƙara ce, ta yaron kuma ga shaida a bishiya."

Kwana huɗu ya ƙara. Ban taɓa ganin mara lafiya ya ji daɗin jinyarsa kamar haka ba. Manoma suna dawowa da yamma sai su biya ta bayan gida su ga sandar, sannan su shigo gaisuwa, kowa ya shigo sai ya sa an kira ni in ba da labari da bakina. In na rage wani abu ya gyara mini. "Ba ka faɗi yadda ka kwanta ba." Har daga Toranke wasu suka zo a kan babur. Kafin kwana biyu na ji a wurin mai shayi cewa da gangan na yi, wai na auna wani reshe ne na same shi. Na ce ba haka ba ne, suka ƙi.

Musbahu ya turo hoton tagwayen a waya, an naɗe su a zani ɗaya, fuskoki a yamutse kamar an tashe su daga barci don a tambaye su hanya. Baba Kashim ya sa aka jingina wayar a jikin kofi kusa da matashinsa. In hasken ya mutu sai ya ce, "Bintu, sun tafi," ta zo ta taɓa su dawo. Kamila ta bugo ta ce masa, "Kaka, an ce jaririn nan, sabon mijin Iya, shi ka harba wa sanda?" Ya ce, "Wannan ai kishiyata ce... a'a, abokin takarata ne, gara ya san da ni tun yanzu." Suka yi ta tsokanar juna har katinta ya ƙare.

Ranar Alhamis bayan azahar ina zaune a gefen gadon ina ɓare masa lemo, ya ce in ɗaga labulen sosai. Na ɗaga. Ya kalli waje na ɗan lokaci, ya ce Iya Bintu ta matso. Ta matso ta riƙe hannunsa. Ya yi kalmar shahada sau biyu a fili, ta uku leɓɓansa kawai na gani. Lemon na hannuna, rabi a ɓare.

Kafin la'asar sakaliya mun kai shi. Mutanen da suka bi gawar, da ka tambaye su, fiye da rabi da ƙarar bindigarsa suka zo duniya. A hanyar dawowa wani ya fara ba da labarin sandar ƙasa-ƙasa, liman ya juyo zai tsawata, sai na ga shi ma ya sa hannun riga ya rufe baki.

Ran Lahadi aka yi suna a Toranke. Macen Halimatussa'adiyya, namijin Kashim. Iya Bintu tana takaba ba ta je ba, ni da Rukayya muka wakilce ta. Da muka dawo da rana na shiga in kai mata goro da alawar suna, in gaya mata yadda aka yi. Na same ta a ɗakinsa. Ba a mayar da gadon wurinsa ba, yana nan gindin taga, an naɗe katifar. Tana zaune a kan katakon da carbi a hannu, tana kallon waje.

"Malam, zo ka gani," ta ce.

An yi yayyafi da safe, jikin kukar ya yi duhu. Sandar ta fara jan tsatsa. Wata kurciya ce ta sauka a ƙarshenta, ƙarfen ya ɗan lanƙwasa da nauyinta yana lilo a hankali, ita kuwa ta gyara tsayuwa, ta cusa baki a fiffike tana gyaran gashi.